Wa Yake Biyan Kuɗin Araha?

Akwai wani irin jadawali da ya cika intanet a 'yan shekarun nan. A gefe guda sunayen birane ne: Lisbon, Birnin Meziko, Chiang Mai, Panama. A ɗaya gefen kuma kuɗin haya, da farashin kwanon abinci, da kofin gahawa, da ganin likita. A ƙasa sai a rubuta albishir: kuɗin da ba ya kai ka ƙarshen wata a Landan, a nan zaman sarauta za ka yi da shi. Mutum biyu ake yi wa wannan albishir: dattijon da ya yi ritaya yana karɓar fansho da dala ko fam ko yuro, da matashin da ofishinsa ya koma cikin kwamfutarsa, wanda zai iya aiki daga ko'ina muddin akwai wuta da intanet. Na daɗe ina karanta waɗannan jadawalai, har na taɓa zana nawa. Yau na zo in ce yaudara ce a cikinsu. Alƙaluman galibi daidai suke. Yaudarar tana cikin kalmar "araha".

Bari in fara da laifina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aikin fassara nake yi wa wani kamfanin waje daga Kaduna, da dala ake biyana. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ga kasuwa. Dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Ban ƙara sa'a guda ta aiki ba, amma na wayi gari mai hali. Sai na nemi gida mafi faɗi. Dillali ya kai ni wani, aka faɗi kuɗi, ban taya ba, na biya na shekara biyu a dunƙule, ina murnar na yi tsintuwa. Ranar da na je karɓar makulli na tarar da wanda zai fita, malamin makarantar sakandare ne, yana loda katifu da tukwane a motar a-kori-kura. An ƙara masa kuɗin haya ya gaza. Bai yi mini kallon banza ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Malam, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Famfon tsakar gida yana ɗiga, sai ka sa ido." Kuɗin da na kira araha, shi ne ya fitar da shi da iyalinsa. Tun daga ranar, duk jadawalin da na gani sai in tambayi kaina: wa yake loda katifa a bayan wannan alƙalumi?

Mu ɗauki Fotugal, wadda ta shafe shekaru a sahun gaba na ƙasashen da ake tallata wa 'yan fansho. A 2009 ta ƙirƙiri wani tsarin haraji na musamman ga baƙin da suka tare a cikinta, na tsawon shekara goma. Da farko fanshon da ya zo daga waje kan tsira daga haraji ɗungurungum, sai a 2020 aka ɗora masa kashi 10 cikin ɗari. A 2012 ta fito da bizar da ake kira ta zinariya, wadda mai kuɗi kan samu ta hanyar sayen gida. A watan Oktoba na 2022 kuma ta buɗe bizar masu aiki daga nesa. Sharaɗinta ya cancanci a tsaya a kansa: dole abin da mutum yake samu a wata ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar sau huɗu. A 2023 wannan albashi yuro 760 ne. Ke nan hukuma da kanta ta gayyato mutanen da kowannensu ke riƙe da abin da leburori huɗu suke samu, ta sake su a kasuwar haya ɗaya da waɗannan leburori. Ba sai an yi karatun tattalin arziki ba kafin a san wanda mai gida zai miƙa wa makulli. A wannan shekarar dubban mutane suka cika titunan Lisbon suna neman wurin kwana da albashinsu zai iya ɗauka. Kafin ta ƙare, gwamnatin António Costa ta cire sayen gida daga bizar zinariya, ta kuma sanar da rufe tsarin harajin ga sababbin shiga. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba'amurke yana iya zama a Meziko har kwana 180 ba tare da biza ba, kuma tun annobar korona masu aiki daga nesa suka yi ta kwarara unguwannin Roma da Condesa na babban birnin ƙasar. A 2022 hukumar birnin ma ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Airbnb don ƙara jawo su. A watan Yuli na 2025 mazauna birnin suka fito zanga-zanga a waɗannan unguwanni, suna kukan cewa an mai da su baƙi a inda aka binne cibiyarsu. Duba yadda abin ya kasance: ɗan Meziko da ya nufi arewa neman aiki, katanga da jami'an tsaro zai tarar, Ba'amurken da ya nufi kudu neman araha, hatimi kawai za a buga masa.

Wannan shi ne ginshiƙi na biyu da jadawalin yake ɓoyewa, wato fasfo. Mu Hausawa mun san ci-rani tun kaka da kakanni: mutum ya bar gida bayan girbi, ya tafi inda ƙarfinsa ya fi daraja. Saurayin da ya bi ta Agadas ya tsallaka Sahara, lissafi guda yake yi da matashin da ya bar Barlin da kwamfutarsa: ina ne abin da nake da shi zai fi yi mini auki? Amma a 2015, bisa matsin lambar Turai, Nijar ta kafa dokar da ta haramta safarar masu bin wannan hanya, ba a soke ta ba sai a watan Nuwamba na 2023. Wanda ya so bin ƙa'ida kuwa, yuro 90 zai biya kuɗin neman bizar Turai, wanda ya zarce mafi ƙarancin albashin Nijeriya na naira 70,000, kuma in an hana shi ba a mayar masa da ko sisi. Ɗaya ana yi masa dokar maraba, ɗaya ana yi masa dokar kamu. Har suna dabam-dabam aka raɗa musu, don kada a gane sana'arsu ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kunnen uwar shegu da shi ba. Za a ce yawancin 'yan fanshon nan ba attajirai ba ne. Tsada ce ta koro su daga nasu garuruwan. Gaskiya ne, kuma ina tausaya wa tsohuwar da ta yi aiki shekara arba'in ta ga fanshonta ba ya biyan haya a garin da aka haife ta. Amma wanda aka kora ya je ya kori wani, ba a magance kora ba, an dai gangara da ita zuwa ga wanda ba shi da inda zai gangara. Za a ce suna kawo kuɗi. Suna kawowa, sai dai a tambaya: aljihun wa yake shiga? Mai gidan haya da mai gidan abinci sun dara, amma malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya, waɗanda albashinsu bai san an yi baƙi ba, ƙarin haya kawai ya iso gare su. Za a kuma ce matsalar gidaje ta girmi zuwan baƙi: an daina gina gidajen talakawa, yawon buɗe ido ya cinye tsakiyar birane. Wannan ma na yarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babban laifin na gwamnatocin da suka sayar da talaucin jama'arsu a matsayin haja ne. Amma tsagewar bango ba ta wanke wanda ya shiga ya faɗaɗa ta.

Abin mamaki, jadawalin yana cutar har wanda aka zana dominsa. Ba ya gaya wa Ba'amurke cewa inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare galibi ba ta biyan magani a ƙetare. Ba ya gaya wa ɗan Birtaniya cewa in ya tare a Tailan, fanshonsa na gwamnati ya daskare ke nan, ba zai ƙara samun ƙarin shekara-shekara ba. Ba ya tuna masa cewa canjin kuɗi da ya ɗaga shi yau yana iya kayar da shi gobe, kamar yadda 'yan Birtaniya mazauna Sifaniya suka gani da fam ya faɗi a 2008 da 2016. Kuma babu gurbi a cikinsa na maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa in an kwana biyu ba a ga tsoho ba. Wannan ba a saye, zama da mutane ke kawo shi, kuma da wuya ya samu ga wanda bai iya gaisuwa da harshen unguwarsa ba.

Ba ina cewa kowa ya mutu inda aka haife shi ba. Ɗan al'ummar da ta kai goro daga Gwanja, ta kafa zango a Kumasi da Accra, ba zai yi wa tafiya tofin Allah tsine ba. Amma fataken da sun san ƙa'ida: ka sauka wurin mai masauki, ka biya la'adarsa, ka koyi harshen gari. Abin da nake nema bai wuce wannan ba. Duk wanda zai kwatanta tsadar rayuwa, ya ƙara ginshiƙi guda: nawa ne albashin ɗan gari, kuma kashi nawa haya take cinyewa? Duk gwamnatin da za ta gayyaci baƙi masu kuɗi, ta karɓi haraji daga gare su kamar kowa, ta zuba shi a gidajen jama'a. Duk baƙon da ya zauna, ya tambayi abin da ake biya kafin zuwansa, ya daina ɗaukar rashin tayi a matsayin karamci. Ƙasashen da 'ya'yansu ke yawo da hatimi kawai kuma, su ji kunyar katangar da suke gina wa 'ya'yan wasu.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka ta tashi, ta bar kaba a inda take. Wannan sabuwar raɓar kuwa, tana tashi da kabar an tuge. Ni dai har yanzu ina cikin gidan nan. Na sa an gyara famfon tun makon farko. Malamin kuwa, na ji an ce ya koma can bayan gari, inda sai ya shiga mota biyu kafin ya iso makaranta.