Maza, Mu Ma Mu Je A Auna Mu

Maza, akwai maganar da muka daɗe muna kauce mata, yau sai mun yi ta. Aure ya shekara uku, huɗu, ko ɓatan wata babu, sai idon dangi ya koma kan matar. Ita ce juya. Ita za ta sha jiƙe-jiƙe, ita za ta kwana a layin asibiti, ita za a yi wa kishiya. Maigida kuwa ba mai cewa ya je a duba shi, wai ai lafiyarsa ƙalau a shimfiɗa. Wannan zalunci ne, kuma mu ne muke yin sa. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala daga wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayar haihuwa daban. Mutum zai iya fitar da maniyyi mai kauri, amma ko ƙwaya ɗaya babu a ciki.

Awon ba wuya. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da maniyyi a ɗan kofi mai murfi, a duba shi a madubin likita. In ba a ga ƙwaya ba, a sake wani awon. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake. Na san abin da ke hana mu zuwa: tsoron a ce "babu". To ku saurara, "babu" a maniyyi ba ta nufin babu a jiki.

Wani 'ya'yan marainansa suna aiki sarai, hanyar fitowa ce ta toshe, ko saboda tsohon ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba, ko bayan tiyatar ƙaba, ko kuma haka aka haife shi ba jijiyar da ƙwayoyin ke bi su fito. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Irin wannan, likita yakan kashe zafin wurin, ya sa siririyar allura a ma'ajiyar da ke manne da maraina ko cikin marainan kansu, ya zuƙo ƙwayoyin. Yawanci a ranar ake komawa gida, kuma kusan kullum ana samu.

Wani kuma marainan ne ba sa ƙera ƙwayoyi sosai, kamar wanda hangum ya sauko masa bayan balaga, ko wanda marainansa ba su sauko ba tun yana jariri. Ko a nan ba a yanke ƙauna. A 1999 likita Peter Schlegel na jami'ar Cornell a Amurka ya bayyana hanyar da ake kira micro-TESE: a buɗe maraina, a sa babban madubin tiyata, a bi ƙananan jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana neman waɗanda suka fi kauri da cika, domin a cikinsu aka fi samun ƙwaya. Kusan rabin masu wannan matsala ana dace. Kuma ba a bukatar miliyoyin ƙwayoyi. Tun 1992, da likitoci a birnin Burasel na Beljiyam suka bayyana nasarar cusa ƙwayar namiji guda ɗaya tak cikin ƙwan mace da allura, 'yan ƙalilan ma sun isa. Ragowar a daskarar da su don gaba.

Masu tambayar hukunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen da aka yi da ƙwayar miji da ƙwan matarsa a mayar cikin mahaifarta, idan bukata ta kama. Ɗanka ne, jininka ne.

Ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ke dacewa ba, kuma kuɗin miliyoyin naira ne, ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake kira ga gwamnoninmu su kafa sashen irin wannan aiki a asibitocin koyarwa da farashi mai sauƙi, attajirai kuma su sa hannu. Amma awon farko kuɗinsa kaɗan ne, bai kai abin da wasu ke zubarwa wajen masu tallar maganin maza da lasifika a tasha ba. Ku guji allurar testostaron da ba likita ya rubuta ba, ita kanta tana tsayar da ƙera ƙwayoyi.

Iyaye mata, kafin ku ce ɗanku ya ƙara aure, ku ce ya je a auna shi. Malamai, ku faɗa a kan mumbari. Kai kuma ɗan'uwa, kana jan ƙafa shekarun matarka na tafiya, kuma bayan 35 damar tana raguwa. Idan kun shekara ɗaya babu ciki, ka riƙe hannunta ku tafi asibiti tare, ka ce da likita a fara da kai.