Maganin Ƙanjamau: Kada A Saki Reshe A Kama Ganye

Tun watan Mayu na 2024, sa'ad da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin jini kafin aure, doka ba ta yarda a ɗaura aure a Jihar Kano ba sai ango da amarya sun kawo takardar likita, cikin abubuwan da a ke dubawa kuwa har da ƙanjamau. Dokar nan ta hau kan mutumin Rurum da na Kibiya kamar yadda ta hau kan na birni. Saboda haka yanzu a ƙasar Rano mutum ya kan ji abin da ke jikinsa ana saura 'yan makonni biki, wanda ya shiga wannan hali kuwa, duk wanda ya ce yana da magani zai saurare shi.

Masu cewa suna da magani ba su da wuyar samu. Kowa ya san motocin nan masu lasifika da ke tsayawa bakin kasuwa da kwalabe, ana shelar cewa abin da ke ciki yana ƙara garkuwar jiki. Ga shi kuma ana jin labari cewa manyan likitocin duniya suna neman warkar da cutar ta hanyar ƙarfafa garkuwar jiki. Magana ta zo ɗaya, amma abu biyu ne dabam, shi ya sa muka ga wajibi ne mu rarrabe wa masu karatu.

Ita ƙwayar cutar tana shiga cikin fararen ƙwayoyin jini ne, watau dakarun da ke tsaron jiki. Maganin da gwamnati ke bayarwa kyauta tun 2006 yana hana ta hayayyafa har a auna jini ba a gan ta ba, wanda ya kai wannan matsayi kuma ba ya sa wa matarsa. Amma wani kaso nata yana kwance ɓoye cikin dakarun da ke barci, inda magani ba ya taɓa ta. In aka daina sha, galibi cikin 'yan makonni ta sake fitowa. Wannan maɓoya ita ce ta hana a sami waraka.

Wanda aka fara tabbatar da ya rabu da cutar shi ne Timothy Brown, Ba'amurke, wanda aka yi wa dashen ɓargo a Berlin cikin 2007 saboda sankarar jini. Waɗanda suka warke ta wannan hanya bayansa 'yan ƙalilan ne ƙwarai, domin aiki ne mai tsada da haɗarin rai. Sai likitoci suka juya ga neman yadda jiki zai riƙa danne cutar da kansa.

An taɓa gwada wata allura mai ƙara yawan dakarun jini a kan mutum fiye da 5,800. Da sakamako ya fito cikin 2009, sai aka tarar dakarun sun ƙaru a lissafi, amma ciwo da mutuwa ba su ragu ba. Daga nan aka gane cewa yawan dakaru ba ya cin yaƙi sai sun san abokin gaba. To, in allurar da aka tabbatar tana ƙara su ba ta warkar ba, ina ga kwalbar da ba wanda ya auna abin da ke cikinta?

Abin da a ke gwadawa yanzu dabam ne. An lura akwai waɗansu mutane kaɗan da jininsu ke ƙera wani irin makami mai cafke cutar ko da ta sake kama, likitoci suka kwaikwaye shi suna sa wa marasa lafiya ta jijiya. A Durban ta Afirka ta Kudu, Farfesa Thumbi Ndung'u da abokan aikinsa sun gwada shi a kan mata 20 waɗanda suka fara shan magani da wuri bayan kamuwa. A watan Maris na 2025 suka ba da labari cewa 4 sun wuce shekara ba su koma ga magani ba kuma cutar ba ta taso ba, sauran 16 kuwa sai da aka mayar da su. A wani gwajin da aka yi wa maza 68 a Ingila da Denmark, uku cikin huɗu na waɗanda suka sami makamin sun kai mako 20 ba magani. Lalle wannan ci gaba ne, amma fa ba waraka ba ce tukuna, kuma duk wanda aka dakatar wa magani a gwajin ana auna jininsa a kai a kai, da cutar ta motsa a mayar da shi.

Wanda ya daina sha don kansa ba shi da wannan tsaro. Ba mu manta da Gambiya ba, inda a 2007 Shugaba Yahya Jammeh ya ce yana warkar da cutar da tsimi, ya sa mutane suka bar maganin asibiti, da yawa suka rasu. Abin da ya ƙara mana damuwa shi ne, da Amurka ta dakatar da taimakonta a Janairun 2025, tsoron yankewar magani ya shiga zukatan masu sha, ko da ya ke Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 4.8 don sayo shi. Tsoro irin wannan shi ne jarin mai lasifika.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi da na masarauta, ku da a ke kawo wa takarda ku karanta, a ke kuma tambayarku a asirce. Wanda ya zo muku da takardar gwaji, ku rufa asirinsa, ku nuna masa hanyar asibiti, ku gaya masa gaskiya: maganin warkewa ana nemansa, ba a same shi ba tukuna, ran da aka samu kuwa ta asibiti zai zo. Matan Durban ma ba a ɗauke su gwaji ba sai da suka riƙe shan maganinsu, watau wanda ya riƙe nasa yau shi ne zai ci moriyar na gobe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa masu binciken nan su dace, amin.