Karen da aka horar da yunwa da sanda ba ya tsaron gida

Tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka tsananta a kan iyakar jihar Maraɗi da jihohin Katsina da Zamfara, kare ya sake samun daraja a ƙauyukan gundumar Madarumfa, musamman a yankunan Gabi da Ɗan Isa, inda haushinsa da tsakar dare kan zama sanarwa ta farko cewa akwai baƙo a bayan danga. Sai dai tare da wannan daraja wani tsohon ra'ayi ya ƙara kafuwa, wanda ake faɗa a majalisa kamar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja, cewa kare ba ya zama na ƙwarai sai ya yi zafi, kuma ba ya yin zafi sai an ɗaure shi tun yana ɗan kwikwiyo, an ɓoye shi daga ganin mutane, an rage masa abinci, an riƙa dukansa, wasu ma har su zuba masa barkono a cikin abin da zai ci. Wannan ra'ayi kuskure ne ta fuskar aikin da ake son karen ya yi, kuskure ne ta fuskar binciken masana, kuma, abin da ya fi ban mamaki a ƙasar da ake karanta Risala da Muhtasar a zaure, ya saɓa wa ma'anar horarren kare da malaman fiƙihu suka zayyana tun ƙarnuka masu yawa.

Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta ta kamo matuƙar an koya mata, kuma da malamai suka zo fayyace abin da ake nufi da koyarwar, sai suka rataya ta a kan sharuɗɗa biyu: karen ya tafi idan an tura shi, ya kuma tsaya idan an tsawatar masa. Wasu mazhabobin sun ƙara sharaɗi na uku, cewa kada ya ci daga abin da ya kama, amma Malikiyya ba su wajabta wannan ba. A cikin sharuɗɗan nan babu zafi, babu cizo. Ma'aunin horo a wurinsu shi ne mai kare ya iya tura karensa ya kuma dakatar da shi da murya. Idan aka auna karen da aka ɗaure a turke shekara guda da wannan ma'auni, za a ga bai ci sunan horarre ba, domin ranar da sarƙa ta tsinke babu muryar da za ta mayar da shi, har ta mai gidan.

Malikiyya kuma su ne suka fi sassauci a kan kare, tunda a wurinsu jikinsa da yawunsa masu tsarki ne muddin yana raye, wanke ƙwarya sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Masu sharhin Risala suna ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Mutumin Gabi na yau ba ya buƙatar a fassara masa wannan amsa. Amma halaccin ajiye kare don tsaro bai zo da halaccin azabtar da shi ba, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami.

A ajiye batun zunubi a gefe, a dubi amfani zalla. Aikin karen gida a ƙauyen da ke bakin iyaka shi ne ya ji motsi tun daga nesa, ya yi haushi, ya tashi mutane. Ba a ajiye shi don ya yi faɗa da mai bindiga ba, kuma duk zafinsa harsashi ɗaya ya ishe shi. Domin haushin ya zama mai amfani, dole karen ya iya rarrabe na gida da baƙo, ya san takun maƙwabci da ƙarar babur ɗin ɗan gida, ya san yarinyar da ke kawo tallar fura kullum da hantsi. Wannan rarrabewa ba ta samuwa sai da cuɗanya. Masu bincike biyu, John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor ta ƙasar Amurka kuma suka buga sakamakonsu a 1965, sun nuna cewa akwai wani ɗan lokaci, daga kusan mako na 3 zuwa na 12 bayan haihuwa, wanda a cikinsa ɗan kwikwiyo yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin nasa, kuma wanda bai saba da mutane a wannan tsakani ba yakan girma da tsoronsu. Wannan shi ne daidai lokacin da masu neman zafi suke kulle shi a bayan rumbu. Abin da suke samu daga baya, wanda suke kira jarumta, tsoro ne da ba shi da hanyar gudu: kare mai yi wa kowa haushi dare da rana, har mutanen gida su saba su daina farkawa, wanda hakan ya rushe dalilin ajiye shi tun daga tushe.

Batun yunwa ya fi na kullewa rauni. Ɓarawon da ya san sana'arsa yakan riga ya jefo nama mai guba ta saman danga, kuma babu karen da zai fi saurin haɗiye shi kamar wanda aka bari da yunwa da gangan. Wanda ya ƙoshi, aka kuma saba masa da ci daga akushi ɗaya a hannun mutum ɗaya, shi ne ake iya koya wa ƙin abincin baƙo.

Ra'ayin duka ya sami sabuwar riga daga waje, domin masu hali a birnin Maraɗi da Katsina da ke sayen karnukan Turai suna jin ana cewa a bidiyon intanet wai dole mai kare ya zama shugaban garke, ya murƙushe karen a ƙasa har ya miƙa wuya. Asalin wannan magana wani nazari ne da Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketai, wato dangin kare na daji, waɗanda aka tara a gidan namun daji na Basel a ƙasar Suwizalan ba tare da dangantakar jini a tsakaninsu ba, suka riƙa faɗa a kan matsayi. Masanin Amurka David Mech ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970, amma bayan ya shafe shekaru yana kallon kyarketai a muhallinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai ya rubuta a 1999 cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, ba fagen ƙwatar mulki ba. Wanda ya fi kowa yaɗa maganar ya janye ta, amma masu sayar da sarƙa mai ƙaya da abin wuya mai jan lantarki, wanda yankin Wales na Birtaniya ya haramta tun 2010, ba su janye ba.

Binciken da aka yi a kan karnukan gida kansu bai goyi bayan sanda ba. A 2009 Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnuka 140 da suka kawo su asibiti saboda matsalar ɗabi'a, suka gano cewa cikin karnukan da aka doka ko aka shura, kashi 43 cikin ɗari sun mayar da martani da yunƙurin cizo ko gurnani. Karnukan da aka yi binciken a kansu dama masu matsala ne, don haka ba za a shimfiɗa adadin a kan kowane kare ba, amma alkiblar a fili take. A 2020 kuma masu bincike a birnin Porto na ƙasar Fotugal sun gwada karnuka 92 daga makarantun horo 7, suka tarar waɗanda ake horarwa da tsawa da fizgar sarƙa suna da yawan sinadarin kotisol a yawunsu bayan darasi, wato sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici, suna kuma yawan lasar leɓe da hamma da maƙurewa, alamomin da duk wanda ya taɓa ganin karen da ya sha duka ya sani.

Masu goyon bayan ra'ayin duka suna da hujja ɗaya mai nauyi, cewa horon lada abin Turawa ne masu sayen abincin kare na gwangwani, alhali manomin yankin Safo ko na Sarkin Yamma da ƙyar yake cika tukunyar iyalinsa a lokacin bazara. Gaskiya ne talauci yana taƙaita abin da za a ba kare, amma lada a ilimin horo ba ya nufin abin saye. Ma'anarsa duk wani abin da dabba ke so wanda ya biyo bayan aikinta nan take, har ta haɗa aikin da sakamakon, kuma ɗan ƙanzo ko ƙashi ko ragowar tuwon da dama za a zuba masa ya wadatar, in dai an riƙe shi sai ya zo da aka kira sunansa. Mahalban ƙasar Hausa sun daɗe da wannan ba tare da sun ba shi suna ba: ƙaramin kare yana bin manya zuwa daji, yana koyon fito da kirarin da ake zuga shi da shi, idan an yi kamu a jefa masa kayan ciki. Buzayen Azawak, masu dogon karen nan siriri da ya yi suna har Turai, da makiyayan da karnukansu ke kwana cikin garke ba tare da sun taɓa ɗan maraƙi ba, da sabo suka kai ga haka. Tsawa tana da wurinta, amma sai a daidai lokacin laifin, domin karen da aka doka da yamma saboda kazar da ya kashe da safe abin da ya koya kawai shi ne dawowar mai gida hatsari ce.

Wanda ke biyan kuɗin wannan kuskure ba ɓarawo ba ne. Almajirin da ya leƙa zaure da ƙoƙonsa, da yarinya mai talla, da ɗan maƙwabci da ya bi ƙwallo, su ne suke cin karo da karen da ya tsinke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon ba shi da magani da zarar alamunsa sun bayyana, abin da ke ceto shi ne wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 da gaggauta zuwa asibiti don allura. Hanyar katse shi daga tushe kuwa ita ce yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, kuma a nan horo da lafiyar jama'a suke haɗuwa, tunda ma'aikacin kiwo ba zai iya yi wa kare allura ba sai mai shi ya iya kamo shi ya riƙe. Karen da ya san hannun mutum da sanda kawai ba ya tsayawa a riƙe shi, saboda haka shi ne yake tsallake rigakafi, kuma shi ne ya fi kusa da cizo. Idan hukumomin gundumar Madarumfa da masu garuruwa da shugabannin mahalba suna son a kai wannan adadi na kashi 70 cikin ɗari kafin 2030, shekarar da hukumomin duniya suka ɗiba don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan ciwo, to wajibi ne bayanin yadda ake renon ɗan kwikwiyo a watanninsa uku na farko ya shiga cikin abin da ma'aikatan kiwo ke faɗa wa jama'a duk lokacin da suka fita yi wa dabbobi rigakafi.