ERIYA TA ZO GARI: WA ZAI AMSA, WA ZAI KARANTA?

 Maganarmu ta yau bisa wayar salula ce, da ayyukan hukuma da ya kamata su iske mu har gari ta hanyarta.

Kafin shekara ta 2001 kusan babu salula a ƙasar Nijar. Waya sai a gidan waya, a manyan garuruwa. Wanda ɗansa ya tafi ci rani Kano ko Abijan sai ya jira wasiƙa a hannun direba, ko ya kasa kunne ga sanarwar rediyo. A 2001 kamfanin Celtel ya buɗe layinsa, shi ne ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Wasu kamfanoni suka biyo baya. Yau ko a kasuwar ƙauye za ka ga mai saida kiredi da mai cajin batir cikin rumfa guda.

Ga ra'ayina a taƙaice. Eriya hanya ce, kamar hanyar mota, kuma hanya ba ta kawo kaya da kanta. Kafin salula ta kawo aikin hukuma gari, sai an samu mutum biyu: mai amsawa a ma'aikata, da mai karatu a gari. Na farkon, hukuma ce za ta sa shi. Na biyun kuwa, kai ne mai riƙe da wannan takarda.

ABIN DA AKA RIGA AKA GANI

Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kuɗin hatsi a kasuwannin ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo ke shiga kasuwa bayan kasuwa. Ta gano tazarar kuɗin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake. A da, ɗan kasuwar Damagaram sai ya hau mota ya je Bakin Birji ko Tanut kafin ya san kuɗin tiya. Yanzu kira guda ya isa, hatsi ya tashi daga inda ya yi arha ya tafi inda ya yi tsada. Amma ka lura da kyau. Ɗan kasuwa ne ya fara cin wannan riba, don shi ya fara riƙe waya, kuma ya san wanda zai kira. Manomin da bai tambayi kowa ba, abin da mai awo ya faɗa masa shi ne kuɗi.

A 2010, bayan damanar 2009 ta ɓaci, ƙungiyar Concern ta raba taimako a garuruwa 96 na jahar Tawa, wajen jika 22 ga kowane gida, kowane wata, har wata biyar. Wasu sun yi tafiya sun bi layi sun karɓa a hannu. Wasu an aiko musu ta waya, ta hanyar da ake ce ma Zap. Matan da suka karɓa ta waya ba su ɓata yini a hanya ba. An kuma ga gidajensu sun fi cin wake da mai, yaransu sun fi samun abinci.

Ga wadda ta shafe ka kai tsaye. A 2009 da 2010, a jahohin Doso da Damagaram, an gwada koyar da manya cikin ajin yaƙi da jahilci tare da salula. Wasu azuzuwa sun tsaya ga allo da alli. Wasu an ƙara musu koyon lambobi da rubuta saƙo bisa waya. Masu waya sun fi ƙoƙari a rubutu da lissafi, sun kuma fi riƙe lissafin bayan an rufe aji. Karatun da ake aiki da shi kullum ba ya guduwa.

AYYUKA UKU DA BA SU JIRA

Na ɗaya, ƙwarin gona. Kowa ya san murzuna. Uwarta na zuba ƙwai bisa zangarniyar hatsi lokacin da take fitowa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta bi zangarniya tana ci tana zagayawa. Ranar da ka ga zanenta daga bakin gona, ɓarna ta yi nisa. Masu binciken noma na INRAN a Maradi sun san kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kashe tsutsar murzuna. Ana sa shi cikin ƴan buhuna, a rataye a gari ko a gona, ya fita ya yi aikinsa. Amma sai an kai shi da wuri yake amfani. Malamin gona guda ne, da babur guda, garuruwansa kuwa da yawa. Ba zai ga kowace gona ba. In ka kira shi ran da ka fara ganin alama, ka faɗi sunan gari, da gefen da gonar take, da girman hatsin, ka ba shi kwanakin da zai yi shiri. Haka ga fara, haka ga jan baki. Wanda ya ga farar 2004 da yunwar 2005 ya san rigakafi ya fi magani. A 2017 RECA, haɗin majalisun manoma na ƙasa, ta buɗe wurin amsa kiran manoma a Yamai, inda ake tambaya da Hausa ko Zabarmanci, har a aika hoton ganyen da ya kamu ta WhatsApp. Irin wannan aiki muke so ya yawaita.

Na biyu, takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a faɗi haihuwar yaro, a likita ko a wurin da aka ajiye littafin rajista a gari. Cikin wannan wa'adi ba a biyan ko dala. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna yara 64 cikin 100 ne aka rubuta haihuwarsu a ƙasarmu, kuma karkara ce ke baya. Sau da yawa uba ya faɗi haihuwa, takarda ta tafi ma'aikatar komin, ta kwanta can. Shi bai san ta fito ba. Ko kuwa ya biya kuɗin mota ranar kasuwa, a ce masa ya dawo wani mako. Saƙo guda bisa waya zai hana wannan wahala. Kada ka raina wannan takarda. Babu ita, yaro zai sha wuya ran jarrabawar lakwal. Babu ita, babu katin ɗan ƙasa. Babu kati, ba za ka buɗe layi da sunanka ba, balle ka karɓi kuɗi da hannunka. Ka ga takarda na buɗe waya, waya kuma na iya kawo takarda.

Na uku, labarin ruwa da na kasuwa. Ma'aikatar yanayi ta ƙasa da cibiyar Agrhymet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, suna faɗin yadda damana za ta kasance kafin ta faɗi. Ma'aikatar SIMA kuma na tattara kuɗin hatsi, dawa da wake a kasuwanni. Rediyo na faɗin waɗannan, amma rediyo ba ta jiranka ka dawo daga gona. Saƙon waya yana nan har ka wanke hannu ka duba. Wanda ya san za a yi tsayin ruwa bayan ruwan farko ba zai zubar da irinsa duka ba. Mai albasa a Galmi ko Madawa da ya san kuɗin buhu a Ƙonni, mai wake a Mayahi da ya san kuɗin tiya a Tasawa da Maradi, ba a yi musu ciniki ido rufe.

ABIN DA MUKE ROƘO GA HUKUMA

Sama da mutum 80 cikin 100 na ƴan ƙasar nan a karkara suke. Kamfanin waya kuwa ɗan kasuwa ne, inda jama'a suka yi yawa can yake kafa eriya. Shi ya sa har yanzu akwai garuruwa da rugage da sai an hau tudu ko itace kafin a samu rezo. A bakin iyaka ma wasu da layin Najeriya suke kira. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai rezo da ajiyar kuɗi ta waya ga garuruwa sama da 2,000, ƙarƙashin ma'aikatar ANSI. Niyya ce mai kyau. Muna roƙon a fara da na nesa, waɗanda ɗan kasuwa ba zai je musu da kansa ba.

Sai wuta. A ƙasa baki ɗaya wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Wayar da batirinta ya mutu ba ta kiran kowa. Farantin hasken rana guda a likita, ko a lakwal, ko a magazan kwaferatif, zai ɗauki wayoyin unguwa.

Sai harshe. Saƙon da aka rubuta da Faransanci zuwa ga manomin Dakwaro bai iso ba, ko da ya shiga wayarsa. A rubuta da Hausa, da irin baƙaƙen da aka koya mana a aji. A kuma yi na murya don wanda bai yi karatu ba.

Babban roƙo shi ne a amsa. Duk ma'aikatar da ta ba da lamba, ta sa mutum a bayanta, ta faɗi ranaku da lokacin da ake samunsa. Wannan magana ta haɗa da mu malaman gona. Manomin da ya saida kaza ya sa kiredi, ya kira sau uku ba a ɗauka ba, ba zai kira na huɗu ba, kuma zai gaya wa gari duka.

MAGANAR DATTAWA

Wasu dattawa na cewa salula ta ci kuɗin cefane, ta kawo ƙarya, ta kawo ɓarayi. Suna da gaskiyarsu. Ana kiran mutum a ce ya ci kyauta, ya aiko da jika biyu a saki kayansa. Ana cewa daga kamfani ne, ya faɗi lambarsa ta sirri a gyara masa layi. Akwai kuma tsohuwar da ɗanta ya aiko mata kuɗi daga Libiya, ta miƙa wayar ga wani yaro ya duba, ya ce jika goma ne alhali sha biyar ne. Amma duba inda ɓarawo ke shiga: wurin wanda bai iya karanta abin da ke bisa wayarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin tsaga shi ne a liƙe ta, kuma karatu ne laka.

AIKINKA, KAI MAI KARATU

A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob na rediyo a Nijar. Mutanen gari su taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar Yamai, hukuma ta ji. Iyayenmu sun yi haka da akwati guda da batir. Mu da ke da waya a aljihu, me zai hana mu?

1. Ku masu karatu na gari ku taru gaban mai gari, ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu amana, su riƙe littafin lambobi. Mata da yawa ba su da wayar kansu, kuma akwai maganar da mace ba za ta kai wa namiji ba.

2. Ku rubuta lambar malamin gona, ta malamin dabbobi, ta likita, ta ma'aikatar komin, da ta mutum guda amintacce a kowace kasuwa da kuke ci.

3. Duk kiran da aka yi don gari, a rubuta rana, da wanda aka kira, da abin da ya ce. Ran taro da hukuma, littafi ya fi "mun sha kira" ƙarfi.

4. In an yi haihuwa, ku tuna wa mai gida kwana 60. Ku faɗa tun ranar suna, kafin a watse.

5. Lambar sirri kamar makullin rumbu ce. Kada ka faɗa wa kowa ta waya, ko wa ya ce shi ne. Hukuma ba ta neman kuɗi ta waya kafin ta ba da taimako.

6. In ka karanta wa wani saƙonsa, ka nuna masa lambobin da yatsa, ya gani da idonsa. Kafin girbi, ka koya wa mutum guda a gidanku, matarka ko mahaifiyarka, gane lamba daga 0 zuwa 9.

7. In garinku babu rezo, ku rubuta takarda da hannunku, da yawan gidaje da nisan inda kuke zuwa kira. Mai gari ya sa hannu, a kai wa sarki da komin, ku ajiye kwafi.

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, dare nawa ka yi gaban allo da fitila bayan gajiyar gona? Ga ranar amfaninsa ta zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: hukuma ta kafa eriya ta sa mai amsawa, kai kuma ka karanta, ka kira, ka rubuta. Ku aiko mana da labarin garinku ta hannun malamin gonarku, mu faɗe shi a rediyo. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare amfaninmu daga ƙwari da ɓarayi. Amin.