Ɗaliban Damargu da wasan kwamfuta: hani kaɗai ba zai yi magani ba

Duk wanda ya ratsa garin Tanut da la'asar sakaliya, bayan an tashi daga makaranta, ba zai rasa ganin samari sun yi cincirindo a bakin rumfar mai cajin salula ba, kowa ya duƙufa a kan 'yar wayar da ke hannunsa. Wasu ƙwallon ƙafa suke bugawa a cikin na'ura, wasu kuma wasan harbe-harbe irin su Free Fire da PUBG. A gefe ɗaya akan sami wani yaro shi kaɗai, ya sa ɗan yatsa yana zana hoton ɗan kokawa ko raƙumi, ko yana tsara katin gayyatar ɗaurin aure da wani maƙwabci ya roƙe shi. Akasarinsu 'yan kolej ne da 'yan lise, waɗanda jarrabawar birbe ko ta bak ke jira a ƙarshen shekara. Iyaye suna kuka, malamai suna kuka, kuma maganar da ta fi yawa a bakin manya ita ce a ƙwace wayoyin, a rufe gidajen wasan, kowa ya huta.

Kukan iyaye yana bisa hanya, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Manomin Gangara ko makiyayin Balbeji da ya sayar da tiyar gero ko ɗan akuya don ya ajiye ɗansa a gidan wani a Tanut saboda karatu, ba don ya ƙware a bugun ƙwallon allo ya yi wannan sadaukarwa ba. Yaron da ya raba dare yana wasa, gyangyaɗi zai yi a aji, kuma 'yan dalolin da aka ba shi na kalaci a sayen kati suke ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince a shekarar 2019 cewa jarabar wasan bidiyo tana iya zama cuta, ta sa ta cikin kundin cututtukan da ya soma aiki a 2022. Sai dai hukumar ta gindaya sharaɗi: sai wasan ya fi ƙarfin mai yin sa, ya ture karatu da barci da zumunci, kuma a ga haka ya ɗore kimanin shekara guda. Ke nan ba kowane yaro mai riƙe da waya ba ne majinyaci, kamar yadda ba kowane mai zama wurin dara ba ne malalaci.

Abin da ya fi wasan haɗari shi ne caca da ta ɓuya a bayansa. Wayar da ake buga ƙwallo da ita, ita ce dai ake zuba kuɗi da ita a kan wasannin Turai, kuma tallar kamfanonin cacar tana bin yaro har cikin ɗakin kwanansa. Nan ne ya dace hukuma ta zare ido. Mai gidan wasan da ya bar ɗalibi sanye da tufafin makaranta ya zauna masa da hantsi, ko ya buɗe wa ƙaramin yaro ƙofar caca, ya cancanci tara da rufe shago. Magajin gari da shugabannin makarantu da ƙungiyar iyayen yara za su iya zama da masu waɗannan gidaje a tsayar da lokacin buɗewa da na rufewa, ba tare da an jira wata takarda daga Yamai ba.

Amma a haɗa mai caca da mai zane a yi musu kuɗin goro, wannan kuskure ne babba, kuma tarihin ƙasar nan kansa ya ƙaryata shi. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga a 1942, makanike ne da ya koya wa kansa zane, yana haska hotunansa da fitila don nishaɗin mutanen garinsu, a lokacin da manya ke ganin wasan yara ne kawai yake yi. Daga baya ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka soma yin fim na zane mai motsi a Afirka. Fim ɗinsa na 1966, Bon voyage Sim, labarin wani shugaban kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki cikin ƙasaita da fareti, kuma duk wanda ya kalle shi a wancan zamani na jam'iyya ɗaya ya san inda aka dosa. Ya rasu a 2015 bayan ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a Tawa, nesa da babban birni. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 2016, wani matashi mai zane, Mahaman Sani Husaini Isa, ya fito a Yamai da wasan bidiyo mai suna Les Héros du Sahel, wanda aka bayyana a matsayin na farko da aka ƙirƙira a Nijar, jarumin cikinsa kuwa, Shamsu, daga hasken rana yake samun ƙarfinsa. A wannan shekara ce kuma kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da wasan Aurion zuwa kasuwar duniya. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya faɗo daga sama. Dukkansu daga wasa suka fara.

To, me yaron Damargu yake da shi a hannu idan shi ma ya so bin wannan hanya? Waya ce ta hannu, sau da yawa ma ta aro, mai tsagaggen gilashi. Manhajojin zane na ƙwarai irin su Krita da GIMP da Blender kyauta ake samun su, ba a biyan ko dala, amma kwamfuta suke bukata, kwamfuta kuma wuta take bukata. Ƙasar da ta daɗe tana sayo mafi yawan lantarkinta daga Nijeriya ta ɗanɗana kuɗarta a watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da shi ba sai cikin 2024. In manyan birane sun kwana cikin duhu a lokacin, ba sai an tambayi halin ƙauyukan Tarka da Falanko ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a kowace rana, a cikin ƙasar Tanut take zaune, a ƙaramar hukumar Ollelewa. Ɗalibin da ya hau mota daga Tanut zuwa Damagaram yana wuce ta, yana ganin fitilunta, sannan ya koma gida ya bi layin caji. A shekarar da aka buɗe ta ne aka ɗaga Balbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka naɗa mata shugabanni, aka ba su ofisoshi. An yi kuma shelar shirin ƙauyuka na zamani, wanda Bankin Duniya ya amince ya zuba wa dala miliyan 100 a 2020. Talaka yana da haƙƙin ya tambayi wakilan hukuma, da hujja a hannu, nawa ne daga cikin wannan duka ya isa ajin ɗansa. Ɗaki guda mai faifan hasken rana da kwamfutoci goma a kowace lise, da malami ɗaya da aka horar ya kula da shi, bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗin ƙananan hukumomi sun fi kowa sanin haka.

'Yan kasuwa su ma suna da nasu kason, kuma ba sadaka ake roƙonsu ba. Damargu ƙasar fatauci ce tun zamanin da ayarin raƙuma ke bi ta cikinta daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, suna sayen geronta su yi guzuri. Jikokin waɗancan fatake a yau suna bukatar allon shago, da tambarin buhu, da kalandar ƙarshen shekara, da hoton tallar da za a aika ta WhatsApp. Mafi yawan wannan aiki Damagaram ko Maraɗi ko Kano ake kai shi, a biya kuɗin mota, a yi kwanaki ana jira, alhali a cikin unguwa akwai yaron da zai iya tsara shi a dare ɗaya. Ɗabi'ar da ta zama ruwan dare ita ce a sa shi ya yi, a sallame shi da "Allah ya yi albarka". Addu'a abu ne mai kyau, amma ba ta sayen kati. Ranar da yaro ya karɓi jika biyu ko uku na guminsa a gaban mahaifinsa, ranar ce mahaifin zai daina kallon wayar a matsayin abokiyar gaba, shi kuma yaron ya gane bambancin awa ɗaya ta zane da awa biyar ta harbin dodanni.

Akwai kuma batun harshe. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Wannan magana za ta tsaya a takarda muddin babu littattafan yara masu hotuna, da zane mai motsi, da wasannin koyon karatu da lissafi a cikin harshen. Wa zai zana su? Ba baƙo ne zai zo daga Faransa ko Sin ya san yadda ake ɗaura rawani a Damargu, ko yadda rijiya mai gaba talatin take, ko yadda ake dara da langa ba. Yaran da ake kora daga bakin rumfar caji su ne za su yi, in an bar su, kuma a cikinsu har da 'yan mata, waɗanda ba a ganinsu a gidajen wasa amma su ne gwanayen zanen lalle da na ɗinki tun kafin zuwan waya. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan André Salifou, ita ce mafi kusa da su, kuma babu abin da zai hana ta shirya musu horo na mako biyu a lokacin babban hutu.

Sai dai wajibi ne a faɗa wa waɗannan matasa gaskiyar da za ta tsare su. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. An sassauta ta a 2022, aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, sannan aka maido da shi a watan Yuni na 2024. Hoton barkwanci da yaro ya haɗa don ya ba abokansa dariya yana iya kai shi gaban alƙali, kuma kaɗan ne daga cikin ɗaliban suka taɓa jin labarin wannan doka. Malaman tarbiyyar ɗan ƙasa ya kamata su karanta musu ita a aji. Su kuma masu aiki da dokar, ya dace su tuna cewa Mustafa Alasan ya yi shugaban kwaɗinsa a zamanin Diori Hamani, kuma yau da sunansa ƙasar take tinƙaho a bukukuwan fina-finai na duniya.