Hoto Ya San Wuri, Amma Bai San Suna Ba

Wayar salula ta yau, in an kunna mata GPS, takan ɗauki hoto tare da lambobin da ke nuna daidai inda mai ɗauka ya tsaya. Ba ta bukatar intanet, domin daga taurarin ɗan'adam take samun bayanin. Wannan dama ce ga malamin da ke son ɗalibansa su taka tarihin garinsu da ƙafafunsu.

A Maraɗi, ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari da ke kwari, aka ƙaura bisa tudu. Yaron da ya ɗauki hoto a kwarin, ya sake ɗauka a tudun, sannan ya ga ɗigo biyu a taswira, ya fi wanda ya haddace shekarar kawai fahimtar ƙaurar. Haka a Damagaram: fadar sarki a Birni da ragowar ganuwar Sarki Tanimun darasi ne a tsaye.

Sai dai taswirar da ke karɓar hotunan tana ɗauke da sunaye a rubutun Faransanci: Tahoua, Tessaoua, Dogondoutchi, Zengou. Ɗalibin da ya karanta Zengou ba lalle ne ya gane zango ba, wato masaukin ayari da fatake, alhali asalin unguwar na cikin kalmar. Sunan wuri shaida ne na tarihi. In aka ɗauki hoto aka bar sunan a gurɓace, an adana gini an yar da labarinsa.

Saboda haka ya kamata kowane hoto ya zo da abubuwa uku: muryar dattijon unguwa yana furta sunan, domin a ji tsawon wasali da karin sauti, sunan a rubuce bisa ƙa'idar Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai bayanin asalinsa. Inda dattawa suka saɓa, a ajiye ruwayoyin duka, yara su koyi auna magana. A nemi izini kafin ɗauka, kada kuma a watsa hoton yaro ɗauke da lambobin gidansu.

Malamin firamare ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Naɗar murya, rubuta furuci da feɗe kalma sana'ar ɗaliban kimiyyar harshe ce. Makaranta ɗaya da unguwa ɗaya sun isa a fara, tun dattawan da suka san sunayen suna raye.