An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gyaran Ƙashin Baya da Yara Masu Ƙarancin Natsuwa

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka, Kanada, Birtaniya da Ostareliya akwai wata sana'ar warkarwa da ake kira kairofiraktik, wadda masu yin ta ke danna ƙashin bayan mutum da wuyansa da hannu har a ji ƙara. Akasarin masu zuwa wurinsu manya ne da ciwon baya ya dama. Sai dai wasu daga cikin masu sana'ar sun faɗaɗa tallarsu zuwa ga yara, suna cewa gyaran ƙashin baya yana kwantar da yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ba ya kuma mai da hankali a aji. Bidiyoyin irin wannan aiki suna yawo a TikTok da Facebook, suna isa wayoyin iyaye daga Yamai har Kumasi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne da'awar ba ta da madogara, kuma yaron da aka kai can an ɓata masa lokacin da ba ya dawowa.

Ma'anar Kalmomi

Kalmar kairofiraktik an haɗa ta ne daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin hannu, ɗayar kuma aikatawa. A Hausance za a iya cewa gyaran ƙashin baya da hannu. Ita kuwa larurar da likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD, ana iya kiran ta larurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya. Kalmar larura ta fi dacewa a nan a kan rashin ji ko taurin kai, domin waɗannan biyun suna ɗora wa yaro laifi, suna nuna da gangan yake yi, alhali abin ya fi ƙarfinsa.

Larurar Kanta

Ba yau likitoci suka fara lura da ita ba. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan rashin tsayar da hankali tun 1798, sannan George Still ya gabatar da laccoci a Landan a 1902 game da yara masu hankali daidai da na tsaransu amma ba sa iya kame kansu. Sunan ADHD ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987. Wani nazari da ya tattara bincike daga sassan duniya a 2007 ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da ita.

Ba kowane yaro mai ƙiriniya ke da larurar ba. Kafin likita ya tabbatar da ita, sai alamomin sun ɗauki aƙalla wata 6, sun fara kafin shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, sun kuma kai ga cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Bincike a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, sama da kashi 70 cikin 100. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe hankali a kan abu ɗaya, yake kuma tsayar da mutum kafin ya aikata abin da ya faɗo masa, yana jinkirin nuna a wajen waɗannan yara, kuma sinadaran dofamin da noradirenalin da ke kai saƙo a wannan sashe suna da hannu a lamarin. A taƙaice, mazaunin larurar cikin kai yake.

Asalin Sana'ar

Daniel David Palmer ne ya kafa kairofiraktik a garin Davenport na jihar Iowa a 1895. Kafin nan yana sana'ar warkarwa da abin da ake kira ƙarfin maganaɗisu. Ya ce ya danna bayan wani mai kula da ginin da ofishinsa yake, Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Daga wannan labari ya gina ra'ayin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar gaɓoɓin ƙashin baya suke, wai gocewar tana matse jijiyoyi ta hana wani ƙarfi na rai gudana a jiki. Ya buɗe makaranta a 1897, ɗansa B. J. Palmer kuma ya bunƙasa ta.

Tun daga tushe labarin yana da ɓaraka. Jijiyar da ke kai sauti daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta bi ta ƙashin baya. Haka ma hanyoyin da ke riƙe da natsuwa. Ita kuwa ƙarar da ake ji lokacin dannawa, wadda ke sa mai kallo ya ɗauka ƙashi ya koma mazauninsa, kumfar iska ce da ke tasowa a ruwan gaɓa, irin wadda yatsu ke yi idan an ja su. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya ta fito fili ta ce gocewar da ake magana ra'ayi ne na tarihi, babu binciken asibiti da ya nuna ita ke haddasa cuta.

Adalci ya sa a faɗi inda sana'ar ke da rana. Ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka ta sa danna ƙashin baya cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga ciwon ƙugu a jagorarta ta 2017. Ciwon baya a baya yake, hannu yana kaiwa gare shi. Gardamar tana farawa ne lokacin da aka ɗauki abin da ke sassauta ciwon ƙugun babba aka ce zai gyara hankalin yaro.

Abin da Bincike Ya Nuna

A 2010 wasu masu bincike a Ostareliya, waɗanda su kansu 'yan fagen ne, sun tattara duk abin da aka wallafa a kan gyaran ƙashin baya da yara masu ADHD. Ba su sami gwaji ko ɗaya da ya cika sharuɗɗan ingancin da suka gindaya ba. Abin da ya fi yawa rahotanni ne na yaro ɗaya ko 'yan kaɗan, waɗanda mai yin aikin ya rubuta da kansa, ba tare da wani rukuni na kwatanci ba.

A 2019 wani bidiyo na wani mai sana'ar a Melbon yana aiki a kan jariri ɗan mako biyu ya tayar da ƙura, har gwamnatin jihar Victoria ta kafa kwamitin nazari. Kwamitin ya ba da shawarar kada a danna ƙashin bayan yaron da bai kai shekara 12 ba da sunan maganin yawan ƙiriniya, asma, fitsarin kwance, ciwon kunne da makamantansu. Hukumar masu sana'ar ta ƙasar ta hana yin aikin ga yaran da ba su kai shekara 2 ba, ta ɗage hanin a 2023, ta kuma mayar da shi a 2024. A Birtaniya ma, ƙungiyar masu sana'ar ta kai marubucin kimiyya Simon Singh kotu saboda ya rubuta a 2008 cewa babu hujja ga da'awarta a kan cututtukan yara, amma ta janye ƙarar a Afrilun 2010 bayan kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa.

A ɗaya ɓangaren, tun 1937 likita Charles Bradley ya lura cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana natsar da irin waɗannan yara. Metilfenidet, wanda aka sani da sunan Ritalin, an haɗa shi a 1944, an kuma gwada shi sau da yawa. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1999 ya bi yara 579 tsawon wata 14, ya nuna magani da kulawar likita ta kusa ya fi sauran hanyoyi rage alamomin, ko da yake tazarar ta ragu a shekarun da suka biyo baya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a fara da horar da iyaye dabarun tarbiyya ga 'yan shekara 4 da 5, sannan daga shekara 6 a haɗa magani da gyaran ɗabi'a da taimakon makaranta.

Hujjar Iyaye

Masu kare wannan aiki suna da hujjoji biyu da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce tsoron magani, kuma tsoron yana da dalili: maganin yakan rage cin abinci, yakan hana barci, yana kuma buƙatar likita ya riƙa auna tsayin yaro da nauyinsa da bugun zuciyarsa. Uwar da malamai suka ishe ta da ƙara, aka kuma ce ta riƙa ba ɗanta ƙwaya kullum, idan wani ya zaunar da ita ya saurare ta, ya ce da hannu kawai zai yi aiki, ba abin mamaki ba ne ta amince. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Amma illar wani magani ba ta zama shaidar amfanin wani ba. Wanda ke gudun ƙwaya yana da horon iyaye da tsarin aji, waɗanda aka gwada aka ga tasirinsu.

Ta biyu ita ce shaidar ido, inda uba zai rantse ɗansa ya canza. Mai yiwuwa ya canza ɗin. Iyaye sukan nemi taimako ne lokacin da abu ya yi tsamari, daga nan kuwa yawanci sauƙi ke biyo baya ko ba a yi kome ba. Yaro yana girma, malami yana canzawa, ziyarar mako-mako tana kawo tsari da kulawa. Zato ma yana rina abin da ido ke gani. A wani gwaji a Amurka a 1994, an gaya wa wasu iyaye mata cewa an ɗirka wa 'ya'yansu sukari mai yawa, alhali ba a ba su ba, sai suka ce lalle yaran sun ƙara ƙiriniya. Dalilin da ya sa ake raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a a gwaji ke nan, a kuma ɓoye wa mai auna sakamako wanda aka yi wa aiki da wanda ba a yi wa ba.

Abin da Ake Asara

Mummunan rauni daga danna ƙashin yara ba ya da yawa a rubuce, amma akwai shi. Wani nazari daga Kanada a 2007 ya gano yara 14 da aikin ya cutar kai tsaye, 9 daga ciki cutarwa mai tsanani kamar zubar jini a kai da shanyewar ƙafafu. Ya kuma gano wasu 20 da aka jinkirta gano cutarsu ko aka danna musu baya a madadin magani, ciki har da masu ciwon sukari, sanƙarau da kansa. Haɗari ko ƙarami ne, ana ɗaukarsa ne idan akwai amfanin da zai rinjaye shi. Inda ba a nuna amfani ba, babu abin da za a ɗora a ɗaya gefen sikelin.

Jinkirin nan shi ne babbar asara. Abubuwa da dama suna kama da ADHD: raunin ji ko gani, ƙarancin jini, rashin isasshen barci, wata farfaɗiya da ke ɗauke hankalin yaro na 'yan daƙiƙu, tashin hankali a gida, da gubar dalma. Ƙasar Hausa ta san ta ƙarshen, domin a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara sakamakon sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma ko kaɗan daga gubar nan yana taɓa natsuwa da koyo. Babu ɗaya cikin waɗannan da lalube a gadon baya zai gano. Yaron da ya shekara biyu ana danna masa wuya, tsaransa sun iya karatu sun wuce shi, shi kuma ya sha jin ana ce masa daƙiƙi har ya yarda.

Bahaushe yana girmama maɗori domin an san iyakar aikinsa: karaya, targaɗe da gocewar ƙashi. Da maɗori zai ce yana maganin mantuwa da karan ɗori, da mutanen gari sun yi masa dariya. Farar riga da takardar shaida a bango ba su kamata su sa a sassauta wannan ma'auni ga takwaransa na Turai ba.

Kammalawa

Abin da ya dace shi ne hukumomin lafiya su bi sawun kwamitin Victoria, su hana tallar gyaran ƙashin baya a matsayin maganin larurar natsuwa, masu sana'ar na gaskiya kuma su mayar da irin waɗannan yara wurin likitan yara. Su ma likitoci akwai nauyi a kansu, domin gaggawarsu da ƙarancin bayaninsu ne ke tura iyaye wurin wanda ke da lokacin sauraro. Iyaye kuwa, matakin farko shi ne a duba ji da gani da jinin yaro, a tambayi malaminsa yadda yake a aji, a zaunar da shi a gaba, a rarraba masa aiki gutsi-gutsi, a yaba masa nan take idan ya yi daidai, a kuma ajiye bulala. Duk wanda ya zo da wata hanya dabam, tambaya ɗaya ta isa a yi masa: yara nawa aka gwada ta a kansu, da wa aka kwatanta su, wa kuma ya auna sakamakon?